Likkafanin Mak Seripah

An yi wani ɗan wasan fim a nan tsibirin Pulau Pinang, Wan Derus, zamanin da fim bai fara magana ba. Kyau kam Allah ya ba shi. Cikin shekara uku hotonsa ya cika shagunan kofi, kai ya kumbura.

Uwarsa, Mak Seripah, shekara talatin tana tatsar bishiyar roba kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Makka. Ba ta sayo zinariya ba. Likkafaninta ta tsoma a ruwan Zamzam, ta shanya, ta adana a ƙasan akwati.

Wata rana za a ɗauki mutuwar jarumi a wani fim ɗinsa, aka rasa farin yadi. Marar kunyar nan ya ruga gida ya kwaso na tsohuwa. Aka naɗe shi ciki, aka watsa jan tawada, aka ja shi a laka, ana ta shewa. Da ƙanwarsa ta yi kuka, cewa ya yi yadi ai yadi ne, zai sayo na siliki.

Ya 'yan uwa, da siliki ake shiga kabari? Tir da wannan hali!

Ranar sallah ya durƙusa gaban uwar kamar yadda muke yi, ya kama hannunta.

"Mak, ki halatta mini nonon da na sha."

Ta zare hannun. "Dawo mini da Zamzam ɗina tukuna."

Shi kuwa dariya ya yi, wai rigimar tsufa ce. Kafin girbin shinkafa ta rasu, aka rufe ta da yadin kasuwa.

Sai fim mai magana ya shigo. Aka tsayar da Derus gaban na'ura, ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Likitoci suka duba, ba su ga komai ba. Kamfani ya sallame shi, masu tafi suka watse. Ina kyan? Ina hotunan?

Dattawanmu sun gan shi. Duk shekara in jirgin alhazai ya iso, yana bakin tasha da kwalba, yana roƙon Zamzam da hannu. Ɗan abin da ya samu, sai ya je ya zuba a kabarinta, ya kasa kunne. Har ya mutu bai ji amsa ba.

Kai da uwarka ke da rai, me kake jira? Bakin da zai ce "na yafe" ba ya buɗuwa a ƙarƙashin ƙasa. Tashi ka je yau.

Allah ya kiyaye mu da fushin iyaye, ya sa mu rabu da su suna sa mana albarka. Amin.