Burodin Auta da Lissafin Yaya Babba

Akwai wata mata, ya ku mabiyan wannan shafi, da kowa a danginsu ke kira Yaya Babba. Ita ce 'yar fari cikin su biyar, kuma akanta ce a wani kamfanin sayar da kayan gini.

Tun da mahaifiyarsu ta rasu, ita ta ɗauki nauyin Babansu. Kuɗin magani nata ne, kuɗin wuta nata ne, buhun shinkafa kuwa wata ba ya ƙarewa sai ta aiko. Ba ta taɓa yi wa kowa gori ba. Sai dai a can ƙasan ranta tana so a riƙa tunawa cewa ita ce ginshiƙin gidan.

Duk Asabar da safe 'ya'yan kan haɗu a falon Baba a sha shayi tare. Yaya Babba takan tsaya a gidan burodi mafi tsada da ke kan hanyarta, ta sayo manya guda biyu a leda mai ƙyalli. Baba ya sa mata albarka, ya ci yanka ɗaya, ya tura wa jikoki sauran.

Wata Asabar sai ga ƙanwarsu, Auta, ta shigo rungume da wani abu a naɗe cikin tawul. Tana kwancewa ƙamshi ya cika ɗakin. Burodi ne zagayayye, gefe guda ya ɗan fi duhu, har yanzu da ɗuminsa.

"Baba, gwadawa na yi," in ji Auta cikin jin kunya. "Na ga na kanti ya yi tsada, shi ne na ce bari in riƙa yi mana a gida."

Baba ya gutsura ya tsoma a shayi. Ya tauna, ya lumshe ido, ya sake gutsura. Kafin a ankara ya cinye kusan rabi, mutumin da sai an yi ta lallashi kafin ya ci abin kirki da safe.

"Kai, Auta! Ashe kina da wannan hannun kika ɓoye mana? Rabona da burodi irin wannan tun ina saurayi."

Kowa ya yi dariya. Yaya Babba ma ta yi, amma tata iya leɓe ta tsaya. Ledarta mai ƙyalli tana nan kan tebur, ko kwance ta ba a yi ba.

Asabar ta gaba haka aka yi. Ta gabanta ma haka. Har ta kai idan baƙo ya zo gaishe da Baba, kafin ya gama zama zai ji labarin burodin Auta. Rannan Yaya Babba ta kira shi a waya don ta ji ko maganin hawan jininsa ya ƙare. Bayan ya amsa mata sai ya ce, "Af, in kin yi magana da ƙanwarki ki ce ta ɗan ƙara girmansa, ba ya kai ni Talata."

Ta ajiye wayar tana huci.

"Shekara shida ina hidima," ta ce wa maigidanta. "Shekara shida! Ban taɓa ji ya zaunar da baƙo yana ba shi labarina ba. Amma fulawa da ruwan ɗumi sun mai da Auta 'yar gaban goshi."

Maigidan, wanda malamin makaranta ne mai sanyin hali, ya ce, "Haba, Maman yara. Burodi ne fa."

"Ai ka ji! Kai ma ka koma bayanta."

Ya tashi ya bar mata ɗakin, don ya san inda iska ta dosa.

A Asabar ta biyar ne abin ya fashe. Matar ƙanin Yaya Babba ta ce ita ma za ta koya, tunda an ce akwai sauƙin kuɗi. Nan Yaya Babba ta ga ƙofa ta buɗe mata. Ta ciro waya ta gyara zama, kamar tana ofis.

"Wane sauƙin kuɗi? Bari in nuna muku. Auta, nawa kike sayen fulawa? To. Yis fa? Sukari? Mai? Kin sa kuɗin gas? Kin sa awa huɗun da kike ɓatawa kina jiran ƙulli ya tashi?"

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, Yaya Babba ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya, ban gama ba. In aka haɗa duka, wannan ɗan mitsitsin abin ya fi nawa na kanti tsada. Ba tattali kike yi ba, ƙanwata, wahalar banza ce da neman suna. In babu kuɗin burodin ne, ki faɗa a saya miki."

 

Auta ta sunkuyar da kai, ta ninke tawul ɗinta a hankali ta sa a jaka. "Gaskiyarki, Yaya," shi ne kawai abin da ta ce. Ba ta jira an gama shan shayi ba ta yi wa Baba sallama ta tafi.

Baba ya daɗe yana kallon babbar 'yarsa. Wannan kallon ya fi mata zagi ciwo.

Asabar ta zagayo, Auta ta aiko cewa kanta na ciwo. Ta gaba kuma ta ce ɗanta ba ya jin daɗi. Baba ya koma yanka ɗaya, wata rana ma shayin kawai zai kurɓa ya ture kofin.

Maimakon Yaya Babba ta sauko, sai zuciya ta ƙara ingiza ta. Ta ce a ranta, abin da Auta ta iya, ni da na yi digiri zai gagare ni?

Ta je kanti ta sayo obin, wato na'urar gashi ta lantarki, babba mai ƙofar gilashi. Ta haɗa da injin kwaɓi, da sikeli, da gwangwanaye shida masu sheƙi. Maigidanta ya tsaya bakin kicin yana kallon kwalaye.

"Wannan duk tattalin ne?" ya tambaya.

Hararar da ta watsa masa ce ta mayar da shi falo.

Na farko da ta yi bai tashi ba, don ta zuba wa yis tafasasshen ruwa. Ya fito a daskare, har ɗanta ya tambaya ko zai iya tokare ƙofa da shi. Na biyu yana tsakiyar gasuwa aka ɗauke wuta, ya zauna ya zama ɗanyen ƙulli. Na uku ya ƙone a waje, cikinsa kuma yana danƙo. Kafin sati uku rabin buhun fulawa ya tafi kwandon shara, mitar wuta kuma tana gudu kamar ana korar ta.

A ƙarshe ta samu wani ya fito da ɗan kyan gani. Ta naɗe shi a sabon tawul ta kai wa Baba tana murmushi.

Baba ya gutsura da ƙyar. Ya tsoma a shayi, ya jira, ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Allah ya yi miki albarka, kin yi ƙoƙari," ya ce. Ya ajiye sauran a faranti. "Zauna, ina da magana da ke."

Ta zauna.

"Yaushe rabonki da gidan ƙanwarki?"

"An kwana biyu, Baba. Aiki ne ya yi yawa."

"To ki je yau. Kada ki kira ta, ki je kawai."

Ta so ta yi musu, amma ba a yi wa Baba musu in ya yi irin wannan muryar.

Da la'asar ta isa. Tun daga ƙofa ta lura motar kamfanin da mijin Auta ke tuƙawa ba ta nan inda aka saba ajiye ta, har ciyawa ta fito a wurin. A falo babu firij, sai alamar ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Tukunyar gas tana jingine a lungu, ƙura ta rufe ta.

Ta samu Auta a bayan ɗaki, tsugune gaban murhun gawayi. Ta sauke girkin rana, ta ɗora wata tsohuwar tukunya mai kauri a kan ragowar garwashin. A cikin tukunyar yashi ne, a kan yashin gwangwanin madara guda uku cike da ƙulli. Ta rufe, ta kwashi garwashi kaɗan ta zuba a kan murfin.

"Yaya! Sannu da zuwa. Ba ki ce za ki zo ba." Ta miƙe da sauri tana goge hannu a zani.

"Ina firij ɗinku? Ina motar?"

Auta ta ce, "Wata biyar ke nan da aka rage ma'aikata a wurin aikin maigidana, har da shi. Yana fita nema kullum, Allah bai kawo ba tukuna. Motar sun karɓe, firij ɗin kuma mun sayar."

"Wata biyar? Kuma ban sani ba?"

"Nauyin da ke kanki ya isa, Yaya. Shi ma ya roƙe ni kada in faɗa. Baba ne kawai ya gane da kansa."

Yaya Babba ta nemi wata 'yar kujera ta zauna.

"Ranar nan na so in yi miki bayani, ba ki bari ba," Auta ta ci gaba a hankali. "Lissafinki daidai ne ga mai gas. Ni ragowar wutar girki nake amfani da ita. Fulawar kuma mu huɗu muke haɗa kuɗi da maƙwabta mu sayi buhu mu raba. Abin da zan sayi burodi ɗaya da shi, uku yake ba ni, yara su tafi makaranta da cikinsu a cike. Lokacin da kika ce ina ɓatawa kuwa, shi kaɗai ne abin da nake da shi da yawa."

Ta juya ta gyara garwashin kan murfi, ko don kada a ga idonta.

"Ke kina kai wa Baba magani da shinkafa. Ƙaninki, Yaya ƙarami, yana biyan mai yi wa Baba wanki. Ni fa? Kunya nake ji in shiga gidan hannu rabbana. Burodin nan shi kaɗai nake da shi da zan miƙa wa mahaifina. Da kika ce wahalar banza ce, sai na rasa da me zan zo."

Yaya Babba ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Wata biyu tana kwana tana tashi da baƙin cikin abu ɗaya tilo da ƙanwarta ta mallaka. Ita da Allah ya ba ta aiki, da mota, da firij cike, ta zo ta sa ido a kan gwangwanin madara uku.

Ta kama hannun Auta, hannun duk ya yi kanta saboda murza ƙulli. Hawaye ya ɓalle mata.

"Ki yafe mini, Auta. Wallahi ba lissafi ne ya sa ni magana ba. Hassada ce. Na ji Baba yana yabonki, na kasa haɗiyewa."

Auta ta zaro ido. "Ni? Ni kike wa hassada, Yaya? Ni da kullum nake cewa ina ma in zama kamarki!"

Sai ga su suna kuka suna dariya lokaci guda, har sai da ƙamshi ya tuna musu da tukunya.

Washegari motar haya ta sauke obin da injin kwaɓi da gwangwanaye shida a ƙofar Auta, tare da buhun fulawa cikakke. Ranar Litinin Yaya Babba ta shiga ofis da burodin Auta guda biyu ta yanka wa abokan aiki. Kafin a tashi mutum tara sun ce a kawo musu. Cikin wata biyu masu shaguna uku suna karɓa, mijin Auta ne ke rarrabawa a kan babur ɗin da ya ara.

Wata Asabar bayan kowa ya watse, Yaya Babba ta tsaya tana jera wa Baba magungunansa na sati. Ta daure ta tambaye shi abin da ya daɗe yana cin ta.

"Baba, me ya sa ni ba ka taɓa yabona a gaban mutane ba?"

Tsohon ya yi murmushi. "Ke ai tsaye kike da ƙafarki. Ita kuwa na ga tana neman faɗuwa, shi ya sa na ɗaga murya don ta ji tana da amfani. Naki yabon ba mutane nake kai wa ba. Kullum na ɗaga hannu, da sunanki nake farawa."

Yaya Babba ta rufe kwalbar maganin, ta durƙusa ta ɗora kanta a gwiwarsa kamar ƙaramar yarinya. Ya dafa kan, ya bar ta ta yi kukanta.

Darasi: Kafin ka yi baƙin ciki da abin da ke hannun ɗan'uwanka, leƙa ka ga yadda yake rayuwa, wataƙila shi kaɗai ya rage masa. Yabon wani ba ya rage naka rabon, kuma abin da ya zama tattali a wani gida yana iya zama asara a wani, don haka kada ka auna kowa da mudunka. In labarin nan ya tuna maka da wani naka da ka daɗe ba ka leƙa ba, ka je ka gan shi, sannan ka tura wa wasu su ma su karanta.