Wasiƙun Maskat da Santok Ta Karanta da Kanta

Akwai wata mata a garinmu Surat, zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da tashar jiragen ruwa, sunanta Santok. Jiya kakata ta ba ni labarinta, kuma har yanzu raina a ɓace yake, shi ya sa na ce sai na rubuto muku kafin in huce.

Mijinta Damodar ɗan kasuwa ne, yana kai yadi Maskat, wani gari a hayin teku, ya aiko da dabino. Ya tafi ya bar ta a gidansu tare da mahaifiyarsa da yayansa Mulji, har aka shekara biyu.

Wasiƙarsa tana zuwa duk bayan wata biyu, amma Santok ba ta iya karatu ba. A lokacin cewa ake yi duk matar auren da ta koyi karatu, mijinta mutuwa zai yi. Ku ji fa! Manya da gemunsu suka zauna suka yarda da wannan.

Don haka Mulji ne mai karantawa. Sai ya haye lilon tsakar gida, ya gyara murya. Ita kuma tana bayan ƙofa fuska a rufe, tunda matar ƙane ba ta buɗe fuska gaban yayan miji.

"Ya ce lafiyarsa ƙalau, dabino ya yi tsada, yana gaida Inna. Shi ke nan."

"Yaya, ni fa? Bai ce komai ba?"

"Ke dabino ce da zai rubuto labarinki? Ungo, kai akwati."

Takarda shafi biyu cike, amma a numfashi ɗaya ya gama! Kuma don raini, ita yake ba wa ajiyar, tunda a wurinsa da ita da akwatin duk ɗaya ne.

A bayan gidan akwai wata tsohuwa, Mongi, mai ɗinkin buhuna. Ita ke rubuta sunan gari da na mai kaya a jikin kowane buhu. Mijinta ya mutu, don haka mutanen gidan ba sa son su fara ganinta da safe, wai rashin sa'a ne. Santok kaɗai ke kai mata gurasa mai zafi, ta zauna kusa da ita har ta cinye.

Rannan Santok ta ce, "Iya Mongi, ke ba kya tsoron rubutun nan?"

Tsohuwa ta yi dariya. "Tsoron me, 'yata? Nawa mijin ya mutu ban san harafi ko ɗaya ba. Kwalara ce ta ɗauke shi, ita ma ba ta iya karatu ba."

Sati guda Santok tana fama da tsoro. Idan gaskiya ne fa? Idan ta kashe mijinta fa? Daga ƙarshe ta koma ta ce, "Sunana kawai za ki nuna min."

Mongi ta barbaɗa garin alkama a faranti, ta zana mata da yatsa. Da rana, gida na barcin bayan abinci, Santok ta buɗe akwati ta ɗauko wasiƙar ƙarshe. Sunanta ta gani har sau shida. Sau shida, jama'a! Mutumin da aka ce bai ambace ta ba.

Daga ranar tsoro ya fita. Wata huɗu tana koyo a farantin gari, in ta ji motsi ta shafe.

Ranar da ta iya haɗa layi, sai da ta zauna a ƙasa. Damodar ya rubuto cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, ba mai kula da shi, a sa Santok a jirgi ta zo. Wasiƙa uku a jere yana roƙo. Ta ƙarshe ma rubutun a karkace yake.

Me ya sa Mulji ya ɓoye? Yana neman kujera cikin dattawan danginsu, su kuma abin kunya ne a wurinsu mace ta haye teku. Kujera fa! A kan ran ƙaninsa.

Ga shi saura kwana biyu jirgin ƙarshe ya tashi. In damina ta sauka, teku ta rufe sai bayan wata huɗu.

Santok ta fito tsakar gida da wasiƙun a hannu, ta tsaya gaban surukarta ta fara karantawa da ƙarfi. Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Karatu? Kin kashe min ɗa!"

"Inna, ɗanki yana kwance tun kafin in san harafi ɗaya. Ki saurara ki ji abin da ya ce."

Mulji ya diro daga lilo. "Ƙarya take! Wannan da ba ta san sama da ƙasan takarda ba? Daga kanta take ƙagowa."

"To Inna, a kira Iya Mongi. Ba ta taɓa ganin takardar nan ba. In abin da ta karanta ya bambanta da nawa, ki mai da ni gidan ubana yau."

Aka kira Mongi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta bi layin da yatsa a hankali. Maganar ɗaya ce, har inda Damodar ya ce, "Inna, in Santok ba ta zo ba, ban san ko zan ga bayan damina ba."

Inna ta juya ta kalli babban ɗanta.

"Wata shida, Mulji? Ɗana na kira, kai kana ba ni labarin dabino?"

"Inna, dattawa za su ce..."

"Dattawan ne suka haife shi? Tashi ka je tashar jirgi ka nema mata wuri. In ka dawo babu, kada ka shigo min gida."

Haka ya fita da rana tsaka, ko lema bai ɗauka ba. Bayan kwana biyu Santok ta shiga jirgi tare da wata gwaggonta. Ta tarar da Damodar ya rame kamar sanda, amma da ransa. Ta yi jinyarsa har ya miƙe.

A Surat kuwa, Inna ta ce Mulji ba zai sake buɗe wasiƙar kowa ba. Mongi ce ke karantawa, a zaune a kan lilo. Shi kuma yana tsaye a gefe, yana jira ya ji ko an gaishe shi.

Darasi: Duk wanda ya tsorata ki da karatu, akwai abin da ba ya so ki gani. Kada kuma ku raina wanda kowa ya guje wa, don taimakonku yana iya kasancewa a hannunsa. Ku tura wa ƙawayenku, musamman wadda aka ce mata karatun ya isa haka.