Shari'ar Hakama a Ƙetaren Barmo

A zamanin da, tun ƙasar nan ba ta san hakimi ba, gabashin Gulbin Malmo ƙungurmin daji ne wanda ko makiyaya ba sa kai shanu cikinsa. Ƙasar kashi biyu ce, har yau kuma haka take. Yamma da gulbi tudu ne mai jar ƙasa da tsakuwa, inda garin Tsaunin Baure yake zaune a gindin dutse. Gabas kuwa fadama ce baƙa wuluk, wadda ba ta san taki ba, ba ta kuma buƙatarsa. Abin da ya hana mutane ita wata tsohuwar ɓauna ce mai ƙaho ɗaya, wadda aka ce kibiya ba ta kama ta.

Wanda ya raba fadamar da ita wani maharbi ne, Barmo, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda magana take yi wa wuya. Kwana arba'in ya yi yana bin sawunta. Tsofaffi sun ce ranar da ya kayar da ita, gulbi ya tsaya cik bai gudana ba har ya gama fiɗa. Daga nan maharba suka sa masa kirari: Barmo ƙanen Hakama, maganin mai ƙaho ɗaya, daji ya san ka, ruwa ya san ka!

Hakamar da ake faɗa a kirarin yayarsa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ita ce kuma ta fara ƙetare gulbi da fartanya a kafaɗa, ta sari gona a gindin wani babban itacen malmo. Mutane suka ga dawar da ta girbe, suka biyo ta gida-gida, har wurin ya zama gari. Aka kira shi Ƙetaren Barmo.

Shekaru suka tura, Barmo ya fara furfura. Sai sarki ya raba ƙasarsa gunduma-gunduma, ya haɗa tudu da fadama ya ba wani hakimi mai suna Korau, ya zaunar da shi a Tsaunin Baure. Korau ba azzalumi ba ne a zuciya. Ciwonsa guda ne, in ya ga abu sau ɗaya, to, ya gama saninsa ke nan. Ya fita rangadin ganin ƙasarsa a tsakiyar rani, lokacin da Gulbin Malmo rairayi ne zalla, mata na tonon ruwa a cikinsa da ƙoƙo. Dokinsa ya ratsa ko kofato bai jiƙe ba.

Hakimi ya yi dariya ya ce, "Wannan ne gulbin da ake ta ba ni labari? Daga fada zuwa nan ai rabin yini ne."

Nan take ya kafa doka. Duk wanda aka kai ƙararsa, za a kaɗa takensa da ganga a bakin gulbi, domin a lokacin kowane mai gona yana da taken da aka san shi da shi. Kwana uku za a ba shi ya bayyana a fada da kansa. In bai zo ba, an ba abokin shari'arsa gaskiya.

Barmo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka dawo da marka ka sake aunawa."

Fadawa suka bushe da dariya, wai maharbi zai koya wa hakimi ƙasa.

To, don Allah wa yake rigimar gona da rani? Wa yake jayayya a kan iyaka alhali ƙasa ta bushe kamar dutse? Rigimar gona da damina take tashi, sa'ad da shuka ta yi kyau ido ya kai kanta. Da damina kuwa Gulbin Malmo yakan cika ya batse, ya shanye gaɓarsa biyu, ya taho da itatuwa da mushen shanu, har wanda yake wancan gefe ka hange shi kamar tururuwa. Kowa a ƙasar ya san haka, ban da mutumin da aka ba ƙasar.

Akwai wani bafade, Jatau, mai zaƙin baki da dogon hange. Shi ya fara gane amfanin dokar. Da marka ta kankama sai ya faɗi gaban hakimi ya ce gonar wane ta kakansa ce. A kaɗa ganga. Mutanen Ƙetare su tsaya a gaɓa suna jin taken ɗan'uwansu yana ratso ruwa, ba halin zuwa. Kwana uku su cika, a ce ya raina fada, a ba Jatau gona. Da kaka, ruwa ya janye, ya ƙetaro ya girbe abin da bai shuka ba. A damina biyu ya ci gona biyar.

A damina ta uku aka kaɗa taken Hakama.

Barmo ba ya gari, ya bi wata damisa da ta addabi awakin mutane. Maƙwabta suka roƙi tsohuwar ta haƙura har ya dawo.

Ta ce, "Ni na sari gonar nan da hannuna tun uban Jatau bai san hanyar gulbi ba. An kira ni, zan je in faɗa musu haka a gaban idonsu."

Da safiyar rana ta uku ta ɗaura zane, ta rungumi babban goran da masu fito suke ƙetarewa da shi in ruwa ya yi sauƙi, ta shiga. Suna kallo ta kai tsakiya. Suna kallo wani kututture ya taho ya bi ta kanta. Washegari aka tsince ta can ƙasa, sarƙafe a saiwar itace. A ranar Barmo ya dawo da fatar damisa a kafaɗa, ya tarar ana yi mata wanka.

Bai yi kuka ba. Ya haƙa kabarinta da hannunsa a gindin malmon gonarta. Yana cikin mayar da ƙasa ganga ta sake tashi daga yamma, tana shelar cewa Hakama ta ƙi amsa kira, an ba Jatau gona. Ma'ana da kaka Jatau zai zo ya girbe dawarta, baɗi kuma ya bi ta kan kabarinta da garma.

Barmo ya ajiye kwari da baka, ya faɗa gulbi. An ce kadoji darewa suka yi suka ba shi hanya. Ya shiga fada ruwa na ɗiga daga jikinsa, bai faɗi gaisuwa ba.

Ya ce, "Korau, yayata tana hanya ka yanke mata hukunci."

Hakimi ya ce, "An kira ta kwana uku ba ta zo ba. Tafiyar rabin yini ce, da ƙafar dokina na auna."

Barmo ya ce, "To, a al'adar ƙasar nan ba a miƙa gona sai mai hukunci ya taka iyakarta da ƙafarsa. Na ba ka kwana uku, kamar yadda ka ba ta. In ba ka zo ba, ka faɗa wa sarki Ƙetare ba ta cikin gundumarka."

Hakimi ya ga idon jama'a a kansa, ya ce gobe-goben nan zai je.

Da hantsi ya isa gaɓa da mutanensa, ya ga gulbinsa karo na farko. Doki ya ja tunga ya ƙi gaba. Masu fito suka ce ko za a yanka su ba za su shiga ba. Jatau kuwa ciwon ciki ya kama shi farat ɗaya, ya koma gida. Kwana biyu hakimi yana zuwa gaɓa yana komawa. A rana ta uku Barmo ya turo gora gabansa ya ce ya tuɓe rawani da babbar riga in yana son ƙasarsa.

Korau ya tuɓe. Wannan kam sai a yaba masa, bai gudu ba.

Barmo na iyo yana jan goran har tsakiyar ruwa, inda igiyar ruwa take juya mutum kamar tsinke. Nan ya tsaya. Hakimi ya ƙanƙame gora yana kiran sunan Allah.

Barmo ya ce, "A nan ta nutse. Ta girme ka da shekara ashirin, kuma ba mai riƙe mata gora."

Zuciyarsa ta ce masa ya saki. Yatsu biyar kawai zai buɗe, gulbi ya gama sauran. Ya daɗe yana kallon mutumin cikin fushi. Amma ya san in Korau ya mutu za a aiko wani, shi ma ya zo da rani ya auna. Sai ya ja goran ya ci gaba.

Rana ta yi sanyi suka fita. Barmo ya kai shi gindin malmo ya nuna masa sabon kabari. Hakimi ya tsaya ya dubi kabarin. Can ya ce a mayar da shi gida, zai duba maganar.

Barmo ya ce, "Ni maharbi ne, ba mai fito ba. Ga hanya nan, ranka ya daɗe. Ai rabin yini ce."

Kwana hamsin Korau ya yi a Ƙetare kafin ruwa ya janye. Ya ci tuwon mutanen da ya ƙwace wa gonaki, ya zauna a kan tabarmarsu, ya ji ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya a gindin malmo. Ya mayar da gonaki biyar ɗin, ya ce a fasa gangar kira. Da aka zo kan gonar Hakama ya buɗe baki zai ba ta gaskiya, Barmo ya tare shi.

"Ka taɓa yanke mata hukunci ba ka ji ta ba. Kada ka sake. Kira ta."

Hakimi ya kira sunanta sau uku. Jama'a suka sunkuyar da kai.

Barmo ya ce, "Tana hanya."

Hakimi ya ce, "To, a jira ta. Kada kowa ya taɓa gonar nan sai ta iso."

Jatau bai sake taka Ƙetare ba har ya mutu. Gonar kuwa tana nan, ba wanda ya isa ya ce tasa ce, domin shari'arta ba ta ƙare ba. Jikokin Barmo suna share ciyawar kabarin, sauran filin an bar wa malmo da tsuntsaye.

Tun daga wancan lokaci, kowane hakimin gundumar yakan ƙetara kafin gulbi ya cika, ya yi zaman damina a Ƙetaren Barmo. Yanzu an yi ƙaramar hukuma, an gina sakatariya a kan tudu, kuma masu alkawarin gada suna zuwa duk bayan 'yan shekaru da motocinsu. Da rani suke zuwa, su ma. Amma zaman gindin malmo bai fasa ba. Kafin a saurari kowa, hakimi yakan cire takalmi ya kira Hakama sau uku. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai rurin gulbi. Sa'an nan wani dattijo daga zuriyar Barmo ya miƙe, ya dubi hakimi ido cikin ido, ya ce, "Tana hanya."