Gidan Da Aka Miƙe Wa Bango

Labarin nan yana yawo ta baki biyu. Na zaɓi na Gerlinde, matar mai gidan da abin ya shafa, domin ba ta taɓa ƙara komai a kansa ba, kuma shi kansa wanda ya yi laifin bai musa ko kalma ɗaya daga cikinsa ba.

Akwai wani mutum mai suna Reinhold Stuhr, wanda ya yi ritaya daga aikin shimfiɗa tayil ya ƙaura zuwa Witten, garin masu haƙar kwal, don ya zauna kusa da 'yarsa. Mutumin arewacin ƙasarsu ne, daga bakin teku, inda ba a taɓa haƙar kwal ba. Da zuwansa ya shiga ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa da 'yan gine-ginensu, wadda ke taruwa kowace Asabar da rana a ɗakin ƙasa na wata tsohuwar makaranta.

Gwani ne, babu mai ja. Sai ya sayi kwalin kayan haɗa ƙaramin coci na roba da na masana'anta, ya yanka bangon wannan, ya ɗauki rufin wancan, ya fitar da ginin da ba a sayarwa a kowane kanti, kuma ba ka ganin inda ya haɗa. Amma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Kullum sukwaya, ma'aunin miƙewar bango da kusurwa, tana aljihunsa. Duk wanda ya kawo gini, sai ya jingina masa ita.

"Wannan tasha ce ko akurki?" haka yake tambaya. "Da ido ɗaya ka yi ta, ko bayan kwalba ta uku?"

Ƙungiyar tana da al'ada ɗaya da ta girmi yawancin membobinta: ba a sa wuƙa a ginin wani sai mai shi yana tsaye.

Ana shirin baje kolin kaka, sai Gerlinde Pottkämper ta shigo da kwali a hannu. Mijinta Wendelin tsohon malamin makaranta ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, amma ciwon mantuwa ya zaunar da shi a gida tun kafin Reinhold ya zo garin. A cikin kwalin akwai ƙaramin gidan sama na jan bulo.

"Bututun hayaƙin ne ya ɓalle," in ji ta. "A manna masa shi kawai. Ranar baje koli zan kawo shi ya gan shi a gefen layin dogo, jirgi yana wucewa. Sunana ma yakan ɓace masa yanzu, amma wannan gidan bai taɓa ɓace masa ba."

Reinhold ya karɓi aikin. Bayan ta tafi ya jingina sukwaya, ya yi tsaki. Gidan ya karkata hagu. Tagogin sama ba su daidaita da na ƙasa ba. Ga wata tsaga ta taso daga ƙofa har ƙarƙashin rufi.

"Wannan shi ne aikin babban malaminku?" ya ce wa Hartmut Wiesner, shugaban ƙungiyar. "Ai ko tari aka yi kusa da shi sai ya faɗi."

"Bututu aka ce maka, Reinhold. Gidan nan yana da dalili, ka tsaya in..."

"Kowane maguɗi yana da dalili, shugaba. Je ka sha kofinka."

Hartmut ya yi niyyar komawa kan maganar, amma aka kira shi wajen wayoyin lantarki, ya manta.

Reinhold ya tafi da ƙaramin gidan zuwa gidansa. A zuciyarsa alheri zai yi: ba zai bari tsoho ya ji kunya a gaban jama'a ba. Ya raba bangayen da wuƙa, ya goge gefunansu da magagari har suka tsaya cak. Ya cire tagogin sama ya sake jera su. Ya cike tsagar, ya zana bulo a kanta, ya shafa fenti. Gam ɗin da suke amfani da shi narkar da roba yake yi ya mayar da ita abu guda, saboda haka abin da aka yanke aka manna ba ya komawa yadda yake.

Ranar baje koli Gerlinde ta turo mijinta a keken guragu har bakin teburin da aka shimfiɗa layin dogon. Jirgin kwal yana wucewa a hankali ta gaban gidan. Reinhold ya tsaya a gefe, hannu a ƙirji, yana jiran yabo.

Wendelin ya daɗe yana kallo. Ya miƙa yatsa zuwa tagar sama, ya janye.

"Gidan wane ne wannan?"

"Gidanku ne, Wendel," in ji matarsa. "Ga tagar Trude, ga ta Alfons. Faɗa mini sauran."

"A'a. Namu ya karkata. Ku kai ni gida."

Sai Gerlinde ta juya ga Reinhold, ba tare da ɗaga murya ba.

"Gidan da ya taso a ciki ne. Ramin kwal ne a ƙarƙashin unguwarsu. Ƙasa ta lotsa, gidan ya kwanta gefe, har miya takan taru a gefe ɗaya na kwano. An rushe shi da daɗewa, ko hoto babu. Wendel ya yi ta ɗumama robar nan yana lanƙwasawa har ta karkata daidai. Tsagar da ka cike, ta nan yake leƙen babansa idan zai dawo daga rami. Kowace safiya yana zama gabansa ya kira sunayen 'yan'uwansa taga bayan taga. Bututu na ce maka, Malam Stuhr."

"Zan mayar da shi," in ji Reinhold. "Na rantse zan mayar."

"Da me za ka auna?" in ji Hartmut. "Ma'aunin yana cikin kansa, ga shi kuwa kana gani."

Reinhold bai sake zuwa ranar Asabar ba. Ya sayi kwalaye, ya yi ta gina gidaje masu karkata yana kai wa Wendelin. Gerlinde ba ta hana shi shiga ba. Kowane lokaci tsohon yakan duba, ya yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ya kau da kai. Bai ƙara kiran sunan Trude ko Alfons ba. Kafin bazara ya rasu.

A wajen jana'iza Reinhold ya tsaya can baya. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya matsa masa wuri.

Darasi: Gwaninta ba ta ba ka izinin gyara abin da ba ka tambayi dalilinsa ba. Abin da kake gani kuskure ne a aikin wani, wataƙila shi ne kaɗai abin da ya rage masa. Ka saurara har a gama yi maka bayani, ka tsaya a inda aka tsayar da kai. Ku isar da wannan ga duk wanda hannunsa ya fi kunnensa sauri.

Waɗanda suke bakin teburin a ranar: Hartmut Wiesner, Ottmar Kaczmarek, Lieselotte Brandhoff, Reinhold Stuhr, Gerlinde Pottkämper, da marigayi Wendelin Pottkämper.