Karnukan da Ba Su Haushi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan garinmu Gaya ta bakin gulbi, kan iyakar Bénin, ba da daɗewa ba. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ya bar dangi, kuma ba tonon asiri ya kawo mu ba.

Da can yana bin kamiyo, manyan motocin kaya, zuwa Kwatano. A can ya ga manyan karnukan nan na Turawa, masu kai kamar na ɗan maraƙi, waɗanda masu hali ke ajiyewa bayan ƙofar ƙarfe. Ya ga yadda ake rububin 'ya'yansu. Sai ya dawo gida da 'yan karnuka, mata biyu da namiji ɗaya, a cikin kwali.

Malamai sun gaya mana an yarda mutum ya riƙe kare don gadi, ko kiwo, ko farauta. Shi ba ko ɗaya cikin ukun nan ya nufa ba. Haihuwa kawai yake so su yi masa.

Akwai wani ɗakin ajiya a bayan gidansa, rufin kwano, ba taga. Kun san zafin Gaya. Nan ya zuba su. Mace ta haihu, 'ya'ya su yi wata biyu, ya ƙetara gada da su Malanville, ko ya kai su Kamba. Kafin nononta ya bushe ya sake haɗa ta da namiji. Daga biyu suka zama bakwai. Uwa da 'ya da jika, duk namiji ɗaya.

Maƙwabta suka fara ƙorafin haushi. Me ya yi? Ya yanko robar tsohuwar taya, ya riƙa ɗaure wa iyayen baki. Wadda ta yi ƙara idan an kwance ta, sanda. A hankali suka koya. Har ya zamana ko an kwance robar ba su haushi. Kana wucewa ta bayan gidan nan ba za ka ji komai ba sai wari.

Abu ɗaya suka sani a duniya. Idan zai ba su abinci yakan buga tasa da ƙarfe sau uku. Kwam, kwam, kwam. Sai su taso su zauna a gabansa, suna kallon hannunsa.

Matarsa, Zuwera, ita ke wanke ɗakin. Akwai wata babba cikin karnukan, baƙa mai fararen ƙafafu, tana cikin na farin da aka kawo. Zuwera ta sa mata suna Mai Safa.

Ta ce, "Maigida, Mai Safa ta gaji. Haihuwa shida ke nan a jere. Ka bar ta ta huta ko shekara guda."

Ya ce, "Kare ne fa, Zuwera, ba ƙanwarki ba. Tuwon da kika ci jiya daga cikinta ya fito."

Sai shekarar da aka rufe gada ta zo. Kun tuna. Hanyar Bénin ta toshe, ta Najeriya ma ta toshe. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Amma kare bai san an rufe iyaka ba. Masu ciki suka haihu. 'Ya'yan da ba a saya ba suka girma, su ma suka ɗauki ciki. Kafin sanyi ya shigo, rai talatin da wani abu ne a ɗakin nan, suna taka juna cikin duhu.

Ya rage abinci. Ya sake ragewa. Daga nan ya tafi bakin gulbi ya sami wani basarke, masunci mai jirgi, sunansa Siddo. Ya ce ya kai masa kaya gungu, wato tsibirin nan na tsakiyar ruwa da ba kowa a kansa sai ciyawa.

Siddo ya leƙa buhunan da aka ɗura karnukan a ciki ya ce, "Maigida, gungu babu tuwo fa."

"Akwai ɓera, akwai tsuntsu. Su nema."

"Waɗannan? Ko rana ba su sani ba. Dubi yadda suke rufe ido."

"Kai dai tuƙi na ɗauke ka, ba hukunci ba."

Ranar Juma'a suka zaɓa, daidai lokacin da kowa ke masallaci, don kada a gan su. Ku ji fa. Liman na kan huɗuba, su suna tsakiyar gulbi da buhunan rayuka. Sahu biyu suka yi.

Siddo ya ce da suka juya jirgi, karnukan suka jeru a bakin ruwa. Ba wanda ya yi haushi, ba wanda ya yi kuka. Kallo kawai. Mai Safa ce ta shigo ruwa har ƙirji tana bin su. Mutumin ya karɓi gorar tuƙi ya tokare ta a wuya, ya mai da ita baya.

Ya dawo gida ya sa aka wanke ɗakin. A ganinsa magana ta ƙare, tunda ruwa ya kewaye su ta ko'ina.

To ya manta abin da kowane ɗan bakin gulbi ya sani. Ruwan nan da ke cika lokacin sanyi, da bazara janyewa yake yi. Zafi na tsananta, sai ɓangaren gungun da ke fuskantar wani ƙauye ya koma ruwa iya gwiwa. Waɗanda yunwa ba ta kashe ba suka gano hanya.

Wani manomi a ƙauyen, Alfari, ya tarar da tumakinsa huɗu a yayyage da tsakar rana. Ya ce abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne bai ji komai ba, alhali yana cikin shinkafarsa kusa da su. Bayan kwana kaɗan suka bi wata mata da ta je wanki, da ƙyar ta sha. Ita ma ta ce ba su yi haushi ba. Ta waiwaya ne kawai ta gan su a bayanta.

Karnukan da ba su haushi? Duk Gaya gida ɗaya aka sani.

Mai unguwa ya kira mutumin gaban dattawa, Alfari na zaune. Da ya ce "nawa ne, na yi kuskure", da an yi sulhu, an tara maza an san yadda za a yi da dabbobin. Sai ya ce shi duk ya sayar da nasa ga mutanen ƙetare tun bara. Aka ce zai rantse? Ya yi alwala, ya dafa Littafin Allah, ya rantse. Alfari ya kaɗe rigarsa ya ce, "Na bar ka da abin da ka dafa."

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan rantsuwa a ranku. Ita ce za ta tsare masa hanya.

Ba a jima ba hanyar Najeriya ta buɗe. Wani attajiri daga Kamba ya aiko yana son ɗan kare irin na da. Sai mutumin ya tuna ya zubar da jarinsa a gungu. Ya ce a ransa, in ya samu mace ɗaya mai sauran ƙarfi, ya ɓoye ta a wani wuri, sai ya sake farawa.

Ya koma wurin Siddo. Ashe tun ranar Juma'ar nan Siddo bai samu natsuwa ba. Duk sanda ya wuce gungun yakan watsa musu kayan cikin kifi.

Siddo ya ce, "Kada ka je. Suna cuɗanya da diloli yanzu. Babbar nan ta canza, tafiyarta ba daidai ba."

Mutumin ya ce, "Ni na raine ta. Ta san ni."

Suka isa rana na tsaka. Siddo ya ƙi sauka. Mutumin ya hau tudu da tasarsa. Babu motsi, ko tsuntsu babu. Ƙasusuwa ne fari fat a cikin yashi, wasu ƙanana kamar na kaza.

Ya buga. Kwam, kwam, kwam.

Ciyawa ta fara motsi. Ɗaya ya fito. Wani ya fito ta bayansa. Har tara, haƙarƙarinsu a waje. Suka kewaye shi suka zauna kamar yadda suka saba, suna kallon hannunsa. Tasar kuwa ba komai a ciki. Wata biyar ya bar su, ya dawo musu da tasa wayam.

Ta ƙarshe da ta fito Mai Safa ce. Tana jan ƙafar baya, bakinta a sake, miyau na zuba. Ta zo har gabansa. Ya miƙa hannu zai sa mata igiya. Ta kama hannun a hankali, kamar yadda takan ɗauki ɗanta. Sannan ta datse.

Da ya ƙwace, sai ya zaro wuƙa ya yanko gashi daga wuyanta, ya ruga jirgi.

Kun san abin nan da muka gada, wai in kare ya cije ka, ka ƙona gashinsa ka shafa tokar a ciwon. Ni ma da shi na tashi. A cikin jirgin ya ƙyasta ashana ya yi hakan.

Siddo ya ce, "Maigida, bar wasa. Sabulu da ruwa yanzu, sannan likita. Yau, ba gobe ba. Allura ce maganin wannan."

Mutumin ya ce, "In na je, lokotoro mai yin allurar zai ce wane kare, a ina, na wa. Kafin la'asar mai unguwa ya ji. Ka san abin da na dafa. Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Ka shiga da kunya, ka rayu."

"Kai dai ka kama bakinka. Da ni da kai muka kai su."

Siddo kuwa ya riƙe sirrin, domin gaskiya ne.

A gida ya ce kwanon rufi ne ya yanke shi. Zuwera ta kama hannun ta sunsuna ta ce, "Maigida, ƙaurin gashi nake ji. Don Allah ka je a yi maka allura. Ni zan raka ka, in ya so a zage mu tare." Ya ce in ta sake ta da maganar, ta haɗa kayanta ta koma Yélou gidan ubanta.

Ciwon kuwa ya warke sarai. Ya gamu da Siddo a kasuwa ya ɗaga masa hannu yana dariya. "Basarke, ina lokotoron naka? Ga hannu!"

Kwana arba'in da 'yan kai suka wuce. Damina ta faɗi, gulbi ya yi ja ya fara cika. Sai tabon ya soma ƙaiƙayi.

Wata rana ya zauna alwalar azahar. Ya karkata buta, ruwa ya zubo a tafinsa. Ya kai baki zai kurkure, sai maƙogwaronsa ya shaƙe kamar an ɗaure da roba. Ya yi jifa da butar. Ƙishirwa na cin sa, amma ko ƙarar zubar ruwa ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Sai a lokacin aka kai shi likita. Suka duba suka ce an makara, allurar nan kafin ciwo ya tashi take aiki. Aka dawo da shi gida.

Haske na damunsa, iska na damunsa. Duk gidan ɗaki ɗaya ne marar taga. Da kansa ya ja jiki ya shiga ɗakin karnukan, ya kwanta a ƙasa cikin duhu. Mutum a bakin gulbi guda, randa cike a tsakar gida, yana mutuwa da ƙishirwa.

A rana ta uku ya yi wa Zuwera alama ta kira mai unguwa da liman. Ina cikin waɗanda suka shiga tare da su. Ya ga mai unguwa, ya buɗe baki. Mun ga yana son ya faɗi wani abu, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Murya ta ƙi fita. Liman ya durƙusa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Leɓɓansa na motsi, amma kunnenmu bai ji komai ba. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba mu sani ba, kuma ba mu yanke masa hukunci.

Sai ya lalubo tsohuwar tasar nan a gefen bango. Ya buga ta da ƙasa. Kwam, kwam, kwam. Kafin la'asar ya cika.

Da muka fito da makara, karnuka huɗu na zaune a gindin bishiyar da ke ƙofar gidan. Ramammu. Ba su yi haushi ba, ba su gudu ba. Kada ku tambaye ni yadda suka ƙetare gulbin da ya cika. Ni dai na gan su, kuma ba ni kaɗai ba. Suna kallon hannun masu ɗauke da gawa.

Bayan an rufe shi, Siddo ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi komai, har da sallar Juma'ar da ya bari. Ya nemi gafarar Alfari. Shi Siddo ya kwashi huɗun nan, likitan dabbobi ya sa aka tsare su kwanaki ana dubawa, aka yi musu allura. Biyu suna hannun makiyaya, ɗaya ya mutu, ɗaya tana gadin lambun Alfari. Har yau ba a ji haushinta ba.

To, ya 'yan uwa, me ya kashe mutumin nan? Kare? Kare ya yi abin da ciwo ya sa shi. Kwaɗayi ne ya sa ya tara rayukan da ba zai iya ciyarwa ba. Rashin tausayi ya sa ya zubar da su. Ƙarya ta sa ya rantse. Rantsuwar ta hana shi zuwa likitan da ke nan cikin gari, tafiyar ƙafa.

Duk dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta suna wuyanka. In ba za ka iya ba, kada ka tara. In ta fi ƙarfinka, nemi wanda zai riƙa, kada ka kai ta bayan gari ka juya. Wanda kare ya ciza, ya wanke da sabulu ya tafi likita ranar, ya bar toka. Wanda kuma ya san ya dafa Littafin Allah a kan ƙarya, ya je ya warware yau, tun muryarsa na fita.

Allah ya kiyaye mu da haƙƙin abin da ba ya iya kai ƙara. Allah ya kiyaye mu da rantsuwar da za ta tsare mana hanya. Ya bar mana harshenmu a sake ranar da muka fi bukatarsa. Amin.