Manomin da Ya Hana Kiɗa a Gayyarsa

Akwai wani manomi da ciyawa ta fi ƙarfinsa. Ruwa na sauka, ita kuma tana tashi, har ta fara shaƙe masa gero. In mako ya wuce ba a nome ba, iyalinsa za su shiga shekara rumbu wayam. Sai ya kira gayya. Matarsa ta tuƙa tuwo, samarin gari suka zo da fartanyu, makaɗi ya rataya gangarsa. Kowa ya kama kunyarsa, kai a sunkuye, ana sara tare da kiɗa, ƙasa sai tashi take yi.

Amma mai gonar nan mutum ne mai garaje. Ya je wancan gefe, ya dawo, ya dubi sama, ya dubi ciyawa, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Da ya ji samari suna amsa waƙa suna dariya, sai ransa ya ɓaci. Ya ce wa makaɗi, "Kai, ajiye gangar nan! Wasa muka zo yi? Ku ɗaga kai ku ga abin da ya rage. Ga hadari can. Ni dai na san bana asara zan yi."

Ganga ta yi shiru. Samari suka ɗaga kai, abin da ba su yi ba tun safe. Wani ya ce, "Ashe haka gonar nan take da tsawo?" Sara ya wargaje. Wannan ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba, wancan ya tafi shan ruwa bai dawo ba. Kafin rana ta take, mai gona kaɗai ya rage. Ciyawa ta cinye geron.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce karayar zuciya. Ba wanda ya yi ciwo a gonar, ba fartanyar da ta karye. Ƙarfi yana nan, zuciya ce ta mutu, kuma bakin mai gona ne ya kashe ta. Abin yana ba ni takaici, don muna yi wa juna haka a gida da cikin ikkilisiya. Allah ya aiko maka da masu taimako, kai kuma ka zuba musu tsoronka. Mai share ɗakin sujada da ya daina zuwa, da 'yarka da ta daina kawo maka aikin makarantarta, kafin ka kira su ragwaye, ka tuna me ka faɗa musu.