Dagin Beyar da Hatimin Sarki Zayyanu

An yi wani sarki a wani birni da ke bakin hanyar fatake, ana ce masa Zayyanu, mutum ne mai son adalci, sai dai yana da gaggawa in ransa ya ɓaci. Wata shekara wani attajiri ya dawo daga ƙetaren teku, ya kawo masa kyautar wata dabba da ba a taɓa gani ba a ƙasar, wadda Larabawa ke kira dubbu, mutanen yanzu kuwa suke ce mata beyar. Baƙa ce, jibgegiya, tana iya miƙewa bisa ƙafa biyu kamar mutum. Aka ɗaure ta a lambun fada, aka ba wani tsohon gardi mai suna Nomau kiwonta, domin ya yi shekaru yana wasa da kura.

Ran nan da la'asar sarki ya shiga lambu kallonta, salla ta riske shi a can. Ya zare zoben hatiminsa, wanda ba a rufe wasiƙar mulki sai da shi, ya sa a zabirar fata, ya ƙulle bakinta da kansa, ya ɗora bisa katanga, ya tafi alwala. Da aka idar, sai aka tarar da zabira a ƙasa kusa da turken beyar, bakinta a buɗe, babu zobe.

Waziri Barmo ya ce al'amarin a fili yake: dabbar ce ta haɗiye shi, saboda haka a yanka ta a tsaga cikinta, in kuwa ba a samu ba, to Nomau ne ya ɗauka, a yanke masa hannu. Sarki ya kusa amincewa, sai ya tuna cewa ba a zartar da haddi ba tare da alƙali ba. Ya aika aka kira Alƙali Ɗalhatu, ya ba shi zabirar, ya ce yana son hukunci kafin azahar ɗin gobe, domin manzanni na jiran wasiƙa.

Alƙali Ɗalhatu dattijo ne mai sanyin magana. A kwanakin nan wani ƙurji ya fito masa a babban yatsan dama, an naɗe shi da tsumma. Da ya koma gida ya so ya duba littattafansa ko magabata sun faɗi wani abu game da irin wannan shari'a, sai ya kasa kwance igiyar gafakar da littattafan ke ciki. Ya gwada da yatsu huɗu, ya gwada da hagu, har sai da matarsa ta zo ta kwance masa tana yi masa dariya. Bai buɗe littafin ba. Ya ɗauko zabirar sarki ya yi ta juya ta, ya ga fatar lafiya lau, ko ƙwarzane babu, igiyar kuma an warware ta ne, ba tsinke ta aka yi ba.

Da gari ya waye ya tafi lambu, ya iske Nomau zaune da mari a ƙafa, idanunsa sun yi ja. Tsohon ya rantse masa cewa a lokacin yana can bakin rijiya yana ɗebo wa dabbar ruwa, ya kuma roƙe shi cewa in ma hannun za a yanke, a bar beyar da ranta, don ba ta san abin da ake ciki ba. Alƙali ya ce ya sa ta miƙo daginta. Ya duba da kyau, ya ga yatsu biyar ne jere a sahu ɗaya, kowanne da doguwar ƙumba, babu ɗaya da ya ware gefe har ya iya komowa ya taɓa 'yan'uwansa.

Da fada ta cika, alƙali ya nemi izini aka kawo zabira biyu, ya sa saƙar zuma a kowace, ya roƙi sarki ya ƙulle su da hannunsa kamar yadda ya yi jiya. Aka ɗunguma zuwa lambu. Aka jefa wa beyar ɗaya, ta danne ta da dagi, ta kece ta da farata da haƙora, kafin ƙiftawar ido ta zama tsumma. Alƙali ya ɗaga zabirar jiya kusa da wannan, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ƙulli ba ya kwantuwa sai da yatsa mai fuskantar sauran yatsu, kuma Mahalicci bai ba wannan dabba shi ba. Abin da take so yagawa take yi. Wanda ya buɗe zabirarka yana da babban yatsa."

Sarki ya juya ya dubi Nomau, ya ce ashe ke nan gardin ne, a tafi da shi.

Alƙali ya ga hujjarsa ta kuɓutar da dabba tana neman halaka mutum. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, babban yatsa ya wanke beyar, amma bai ambaci sunan kowa ba. Waziri yana da shi, ni ina da shi ko da yake yana ciwo, kai ma kana da shi. Kuma ba 'yan Adam kaɗai aka ba ba. Saura zabira ɗaya, ina roƙon a yi mini haƙuri kaɗan."

Ya ɗora ta bisa katanga inda aka ajiye ta jiya, ya roƙi jama'a su ja da baya su yi shiru. Aka daɗe, har waziri ya fara gyaran murya. Can sai ga wani jan biri na sarki, wanda ya raina tun yana jariri kuma ba a ɗaure shi, ya sauko daga tsamiya. Ya waiga dama da hagu, ya zauna, ya kama igiyar tsakanin yatsa da yatsa, ya warware ƙullin a natse kamar tela, ya kwashe zumar, ya yar da zabirar a ƙasa, ya haye bishiya. Aka sa wani dogari ya bi shi, ya tarar da wani kogo a jikin reshe, a ciki ga cokali, ga ɗan madubi, ga hatimin sarki.

Kunya ta kama sarki, domin kuwa ɓarawon nasa ne, a kafaɗarsa yake wuni. Ya sa aka cire wa Nomau mari, ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya ba shi riga da gona. Waziri ya sunkuyar da kai ya amsa cewa ya yi gaggawa. Alƙali kuwa sarki ya yafa masa alkyabbarsa, ya kuma yi doka cewa daga ranar ba za a taɓa jinin kowa ba a ƙasarsa, mutum ko dabba, sai an kwana an bincika.

Nomau ya koma bakin turke, ya zauna yana shafa wuyan beyar, hawaye na zuba, ita kuwa tana lasar sauran zumar da ke daginta.

Masu hankali suka riƙe wannan daga shari'ar Ɗalhatu: hujjar da ta wanke wani ba ta isa ta kama wani ba, kuma mai mulkin da ke son adalci ya fara bincike daga abin da ya fi kusa da zuciyarsa.